Yadda ake rina sararin dare a katin Kirsimeti da maka mai sifirit

Shekarar da na fara yin katin Kirsimeti da hannuna, baƙin alƙalami na ɗauka na cike sararin sama da shi, a tunanina ai dare baƙi ne. Da ya bushe sai ga abu kamar allon makaranta da aka goga wa gawayi, layi-layi, wani wuri ya yi ƙirin wani wuri ya koɗe, makiyayan da na zana a ƙasa kuma kamar an jefa su rijiya. Kati goma sha biyu na ɓata a haka kafin wata rana na fita tsakar gida bayan an ɗauke wuta na ɗaga kai. Babu baƙi a sama ko kaɗan. Kusa da wata akwai haske-haske mai kama da ruwan bula da aka tsinka, can ƙololuwa shuɗi ne mai duhu irin na baba, ƙasa-ƙasa wajen duwatsu kuma ƙurar hunturu ta sa ya yi toka-toka. Daga ranar na daina neman duhu a cikin baƙin alƙalami.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san ba a tsoma zane sau ɗaya ya fito shuɗi mai duhu. Tsomawa ake yi, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har launin ya zauna. Haka sararin dare yake a kan kati, hawa-hawa ake gina shi. Zan riƙa cewa "ki" saboda da mata na saba zama wannan aiki, maza ku yi haƙuri, da ku ma nake.

Kayan aiki

Maka mai sifirit ba irin wanda malamai ke rubutu da shi a farin allo ba ne, ba kuma irin na yara mai tawadar ruwa ba. Tawadarsa rini ne da aka narkar a cikin sifirit. Idan kika shafa, sifirit ɗin ya tashi, rinin ya zauna cikin zaren takarda. Idan kika sake shafa wani a kai, sabon sifirit ɗin yakan narkar da na farko su saje, kuma takardar ba ta yin ƙulli-ƙulli yadda take yi da tawadar ruwa. Sirrin aikin gaba ɗaya ke nan, sauran duk sarrafa lokaci ne.

Wanda ya fi suna shi ne Copic, na kamfanin Too da ke Japan, wanda ya fito a 1987, yana da launi 358. Yana da tsada, ba zan ɓoye miki ba. Akwai Ohuhu mai sauƙin kuɗi, akwai Promarker na Winsor & Newton, akwai Spectrum Noir, duk suna yin aikin. Zan yi amfani da lambobin Copic ne kawai don a gane irin launin da nake nufi. Karanta lambar ba wuya: harafin yana nuna dangin launi, B shuɗi ne, BV shuɗi mai shunayya, C toka mai sanyi. Lamba ta farko tana nuna ko launin garau yake ko ya yi dishi-dishi, lamba ta ƙarshe kuma duhunsa, mafi girma mafi duhu. Saboda haka B91 da B99 'yan gida ɗaya ne, ɗaya fari-fari, ɗaya kusan baƙi.

Don sararin dare, huɗu ko biyar daga gida ɗaya sun isa: B91, B93, B95, B97, B99. Wannan gidan shuɗinsa a kwance yake, mai ɗan toka, shi na fi so domin ya fi kama da daren hunturunmu. Mai son sama mai walƙiya irin ta katunan kanti sai ta ɗauki B21, B24, B26, B29, ta rufe da B39. Ki ƙara da shunayya ɗaya mai duhu, BV29 ko V09, da baƙi lamba 100, da alƙalami mai lamba 0 wanda babu launi a cikinsa, sifirit ne zalla. Idan naki na wani kamfani ne, kada ki dogara da launin murfi, murfi maƙaryaci ne. Shafa kowanne a guntun takardar da za ki yi aiki da ita, ki jera su daga mai haske zuwa mai duhu, ki duba kada a samu babban tsalle tsakanin biyu da ke maƙwabtaka.

Takarda ta fi alƙalami muhimmanci, wannan kuwa mutane ba sa yarda sai sun yi asara. Ana son kwali fari, mai santsi, mai kauri wajen giram 200 zuwa 300, wanda ba a shafe fuskarsa da sheƙi ba. Masu sana'ar a waje suna yawan amfani da Neenah Classic Crest mai suna Solar White, da X-Press It mai giram 250. Idan ba ki samu ba, je wurin masu buga katin biki ki sayi farin kwali iri biyu ko uku, falle ɗaya-ɗaya, ki gwada. Ja layi da biro mai tawadar da ba ta narkewa, ki cika gefensa da shuɗi mai duhu har sau uku. Wanda tawadar ta tsallake layin ta yi gashi-gashi, ajiye shi. Wanda tawadar ta zauna a samansa tana yawo ba ta shiga ba, shi ma ajiye shi. Takardar fenti mai ruwa, mai kaushi, za ta shanye miki alƙalami guda a kati biyu.

Sauran ƙananan kaya: tarkacen takarda da za ki shimfiɗa a ƙasa, farin biro mai tawada kamar madara irin Gelly Roll ko Signo, farin fenti mai kauri na ruwa, tsohon buroshin haƙori, rula, reza, da gam.

Mataki na farko: yanka da zane

Kada ki yi rini a jikin katin kansa. Tawadar nan takan ratsa har bayan takarda, kuma a aikin dare dole ta ratsa, don haka wanda ya buɗe katin zai tarar da dabbare-dabbare a inda za ki rubuta gaisuwa. Raba kwalin A4 gida biyu, ki ninke kowanne, kin sami kati biyu masu faɗin santimita 10.5 da tsawon 14.8. Waɗannan ki ajiye su gefe da tsabtarsu. Sai ki yanko wani falle daban, ɗan ƙasa da fuskar katin, kamar 9.5 da 13.8, a kansa za a yi aiki, daga baya a manna.

Zanen da za ki sa ya rage naki. Ni dai na daina zana dusar ƙanƙara da barewar Turawa tun da daɗewa. Makiyaya biyu da 'yan tumakinsu a kan tudu, da babban tauraro sama da garin Baitalami can nesa, shi ne katin da mutanenmu suka fi riƙewa su duba. Wani lokaci nakan sa kuka guda a gefe, ba wanda ya taɓa ce mini babu kuka a ƙasar Yahudiya.

Abin kula a nan shi ne tawadar layin zanen. Biro na yau da kullum sifirit na narkar da shi nan take, zai ɓata zanen ya ɓata bakin alƙalamin. Fensir ma yana yin datti idan alƙalami mai haske ya bi ta kansa, sai dai ki yi shi sama-sama ki goge yawancinsa. Idan hatimi kike bugawa, tawadar Memento baƙa ita ce aminiyar wannan aiki, StazOn kuwa kada ki kusance ta, domin ita ma da sinadari mai tashi aka yi ta, haɗuwarsu kwaɓa ce. Idan da hannu ne, biron zane irin Pigma Micron ko Multiliner na Copic, ki bar shi ya bushe sosai. Hanya mafi sauƙi ga mai yin kati da yawa ita ce ki zana sau ɗaya, ki kai a yi miki fotokwafi a kan kwalin. Asalin Copic ma an ƙera shi ne don masu zane su yi rini a kan fotokwafi ba tare da layin ya narke ba. Duk da haka gwada a falle ɗaya tukuna, injin wani ba na wani ba ne.

Mataki na biyu: ki fara da haske

Kafin ki buɗe shuɗi ko ɗaya, ki tsai da inda haske yake fitowa. Tauraro ne? Wata ne? Wutar da makiyaya suka hura? Zaɓi ɗaya ya zama babba. Da fensir sama-sama ki yi ɗan da'ira a wurin, murfin kwalba ya isa ma'auni idan wata ne. Wannan wurin farin takarda ne zai zauna a cikinsa, kuma shi ne abin da ba ya dawowa idan ya tafi. Farin biro yana iya yin ɗigo, amma ba ya iya mayar da hasken da kika rufe da shuɗi.

Wasu sukan manna takarda mai ɗanko a kan watan don su kare shi. Da fenti wannan dabara tana aiki, da maka mai sifirit kuwa tana ba da kunya, domin tawadar ta cikin zaren takarda take tafiya, sai ta bi ta ƙarƙashin abin da kika manna. Kin ɗaga, kin tarar da wata mai gemu. Gara ki kewaye shi da hannu.

Yanzu ki yi wa mutane da tumaki launinsu na farko, sama-sama: riga, sanda, fuska, ulu. Kada ki tsaya gyara inuwa, za ki dawo. Dalili kuwa, launin da kike gani ya yi daidai a kan farar takarda, da zarar duhu ya kewaye shi sai ya koma fari fat kamar ba a taɓa shi ba.

Mataki na uku: sararin kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne hunturu yake shigo mana. Watan Disamba a Jos ko Kafanchan ko Zariya iska a bushe take ƙayau, sifirit kuwa ba ya jira. Abin da mai koyarwa a bidiyo daga Ingila take yi a natse, ke kina da rabin lokacinta ko ƙasa da haka. Kashe fanka. Rufe tagar da iska ke bugowa kai tsaye, amma ki bar wata a buɗe saboda warin yana sa ciwon kai. Cire murafen alƙaluman biyu da za ki yi amfani da su a jere, ki riƙe na biyun a ɗaya hannun. Kada ki ɗauki waya, kada ki ɗora tukunya a wuta. Layi-layin nan da ke ɓata sama ba komai ke kawo shi ba sai bakin tawada da ya bushe kafin ki dawo kansa.

Fara da mafi haske, B91. Kewaye tauraron da shi, ki bar tsakiya fari, ki faɗaɗa da'irar har ta wuce inda kike son hasken ya tsaya da kamar faɗin yatsa. Ki jiƙa takardar sosai, wannan ba wurin tsimi ba ne. Tun tana ɗanya ki ɗauki B93, ki fara daga waje kina jawowa ciki da baki mai laushin, kina ɗaga hannu a ƙarshen kowane ja kamar mai sharar gari da tsintsiyar laushi, yadda bakin launin zai ƙare siriri a cikin mai hasken. Sai ki koma B91 ki bi kan mahaɗar da ƙananan zagaye har layin ya ɓace. Mai haske ne yake narkar da bakin mai duhu, ba akasin haka ba.

Haka za ki yi ta tafiya waje: B95 a bayan B93, ki goge mahaɗa da B93, B97 a bayan B95, ki goge da B95. Kowace da'ira ta fi ta cikinta faɗi. Kada da'irorin su zama daidai kamar faifai, bar su su ɗan karkace, wani gefe ya fi wani tsawo, in ba haka ba sama za ta fito kamar allon harbin kibiya.

Kafin ki sa mafi duhu, ga abin da ya canza mini katunana. A kusurwoyin sama biyu da gefuna, inda dare zai fi nauyi, fara shimfiɗa shunayya, BV29 ko V09, sannan ki hau kanta da B99. Shuɗi a kan shunayya yana ba da duhu mai zurfi wanda ido ke shiga cikinsa, abin da baƙi ba ya iya bayarwa, domin baƙi toshe wuri yake yi. Mai son ta ga bambancin ta yi guntaye biyu ta ajiye su kusa da juna, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

A manyan wurare da babu zane, juya alƙalamin ki yi amfani da faffaɗan bakin. Ja daga gefe zuwa gefe, kowane layi ya hau rabin na bayansa, kuma ki wuce bakin takardar ki sauka a kan tarkacen da ke ƙasa. Inda hannu ya tsaya ya juya, nan tawada take taruwa, to gara ta taru a waje.

Kusa da ƙasa, inda sama ta haɗu da tudu, sassauta duhun. Koma B95 ko ma B93 a ɗan siririn wuri. Haka yake a zahiri, kuma shi ne zai sa kan makiyayi da reshen kuka su fito fili.

Wurin da ya fi ba da wahala shi ne kewayen zanen, tsakanin ƙafafun tunkiya da ƙarƙashin hannun mai sanda. Shuɗi mai duhu yana da rarrafe. Kada ki kai bakin alƙalami kan layi. Tsaya nesa da shi da kamar kaurin zare, ki bar tawadar ta ƙarasa da kanta. Kuma ki yi wannan kewaye kaɗan-kaɗan, ki kewaye santimita biyu ko uku, nan da nan ki ja shi waje ki haɗe da sauran sama. Idan kika kewaye zanen gaba ɗaya tukuna kafin ki cika, kewayen zai bushe ya bar wani kauri kamar an yi wa makiyayan rawani.

Idan kin gama hawa na farko, juya takardar ki dubi bayanta. Bayan ba ya ƙarya. Inda launi ya ratso daidai, gaban ya yi sumul. Inda kika ga fari-fari, tawadar ba ta isa ba, kuma nan ne layi-layi zai bayyana idan ta bushe. Ajiye ta minti biyar ko goma. Za ki ga ta ɗan yi haske fiye da yadda take tana ɗanya, kada ki tsorata. Sai ki sake bi hawa na biyu, wannan karon daga B95 zuwa waje kawai, ki bar kewayen tauraron yadda yake.

Hawa biyu yawanci sun isa, uku iyaka. Takarda tana da cikinta, idan ta ƙoshi sauran rinin a sama yake zama. Alamarsa ita ce wurin ya fara sheƙi mai ɗan ja-ja kamar turkuɗin Kura da ya sha bugu, ya kuma yi danƙo idan kika taɓa. A jikin rawani wannan sheƙi abin so ne, a kati kuwa zai manne da ambulan ya bar shaida a yatsun wanda ya karɓa. Da kin ga ya fara, ajiye alƙalami. Idan ya riga ya faru, ki bar shi ya kwana, ki shafa a hankali da tsumma mai laushi busasshe, yakan rage.

Idan an yi kuskure

Shuɗi ya shiga cikin farar tunkiya, wannan sai ya faru, ko da wa. Ɗauko alƙalami mai lamba 0. Sunansa na Turanci yana nuna kamar mai haɗa launi ne, amma ainihin aikinsa tura launi. Sa sabuwar takarda a ƙasa, ki ɗora bakinsa a cikin farin wurin, ki riƙa tura shuɗin yana komawa wajen layi. Kaɗan, ki bari ya bushe, ki sake. Idan kika matsa masa lokaci ɗaya zai tsallake layin ya ci sararin, ya bar tabo mai farin tsakiya da baƙin baki. Shuɗi mai duhu ba ya fita tas, zai bar ɗan alama. Ni nakan mayar da alamar inuwa, tunda tunkiya a cikin dare dama ba fara sol ba ce.

Idan layi-layi ne ya fito a tsakiyar sama, kada ki bi layin shi kaɗai, za ki ƙara masa aboki. Jiƙa yankin gaba ɗaya da launin da ya ɗan fi na wurin haske, daga gefe zuwa gefe. In ya ƙi, to wurin taurari ya samu.

Mataki na huɗu: ƙasa, da komawa kan mutane

Yanzu baƙi ya sami aikinsa. Tudu mai nisa, rufin gidajen Baitalami, kukar nan, su ne za a yi da lamba 100, kuma sai sama ta bushe sarai, in ba haka ba bakinsu zai yi gashi. Tudun da ke kusa kuma na fi son C7 ko BV29, don a ga bambanci tsakanin nesa da kusa. A tagogin garin ki bar 'yan ƙananan wurare ba baƙi, ki ɗiga rawaya, Y11 ko Y21. Ɗigo uku na rawaya a cikin wannan shuɗin suna yin aikin da ba ki zata ba.

Sai ki dawo kan makiyaya. Za ki ga sun yi haske da yawa, kamar an yanko su daga rana an liƙa a dare. Ɗauki B91 ko BV20 ki shafa a kan gefen jikinsu da ya juya wa tauraron baya, a kan launin rigar kai tsaye, ja ce ko ƙasa-ƙasa. Gefen da ke fuskantar hasken ki bar masa siririn wuri ba ki taɓa ba, a kafaɗa, a kan hula, a bayan tunkiya. Ki kiyaye kada bakin alƙalamin mai haske ya taɓa sararin, zai kwaso duhu ya shigo da shi. Idan ya kwasa, goga shi a tarkacen takarda har ya koma launinsa.

Mataki na biyar: taurari

Hanya uku nake bi, kuma nakan haɗa su a kati ɗaya.

Ta farko da lamba 0. Ɗora tsinin bakinsa a kan shuɗin ki riƙe daƙiƙa biyu ko uku, ki ɗaga. Zai bar ɗan wuri mai haske-haske, ba fari ba. Waɗannan su ne taurari masu nisa, kuma idan kika ɗiga farin biro a tsakiyar wasu daga ciki sai su fito kamar suna da kewayen haske. Sifirit na kemis ma yana yi idan mara launi ne, a tsoma tsinken sakace a ɗiga, sai dai yana bazuwa fiye da yadda ake so, gwada a gefe.

Ta biyu farin biro. Sai sama ta bushe ƙarau. Ko da hakan, rinin yakan hau cikin farin ya mayar da shi shuɗi-shuɗi bayan 'yan mintuna. Bar na farko ya bushe ki sake ɗigawa a kansa, na biyun zai tsaya fari. Kada ki sake bin farin biro da maka, zai lalata bakin alƙalamin.

Ta uku ita ce mai daɗi, yara ma suna son ta. Dama farin fenti da ruwa kaɗan ya yi kaurin koko, tsoma bakin buroshin haƙori, ki rufe makiyaya da ƙasa da guntun takarda, ki riƙe buroshin sama da katin kamar tsawon tafin hannu, ki ja gashinsa da babban yatsa. Feshin farko a kan jarida za ki yi shi, domin shi ne mai manyan ɗigo. Idan fentin ya yi ruwa da yawa za ki sami tabo maimakon taurari.

Kada ki jera taurari kamar an shuka gero. Wani wuri su taru, wani wuri babu ko ɗaya, yawancinsu ƙanana ƙwarai, manya biyar ko shida kawai. Kusa da babban tauraron ki rage su, haske yana ɓoye na kusa da shi. Shi babban kuwa, rula da farin biro: dogon layi daga sama zuwa ƙasa, gajere a gicciye, ki fara kowanne daga tsakiya ki ja waje kina ɗaga hannu don bakin ya yi tsini. Ɗan Y11 a kewayen tsakiyar yana ɗumama shi.

Haɗawa

Gyara gefunan fallen da reza da rula, ki bi kaurin bakin da B99 don kada farin yanka ya riƙa leƙowa. Gam mai ruwa yana sa takarda ta lanƙwashe, gara mai kama da sabulu ko tef mai ɗanko biyu. Manna shi a tsakiyar katin yadda farin kwali zai kewaye shi da rabin santimita, wannan farin ne yake ƙara wa daren duhu. "Barka da Kirsimeti" kuma a ɗan siririn farin kwali daban nake rubutawa in manna a ƙasa, domin rubutu da farin biro a kan shuɗi, harafi ɗaya ya karkace aikin awa guda ya tafi. Ɗora littafi mai nauyi a kai ya kwana, da farar takarda a tsakani.

Mai yin kati ashirin ko talatin don 'yan zumunta ko 'yan kwaya, kada ta yi su ɗaya-ɗaya. Rina sama a kan A4 guda, duhu a sama da ƙasa, haske a tsakiya, ki fesa taurari, ki yanka gida huɗu, kowanne ya sami gefe mai duhu da gefe mai haske. Juya mai hasken ya zama ƙasa, ki zana tudu da baƙi a kansa. Ki sani dai aikin dare yana shan tawada ba kaɗan ba, B97 da B99 su ne za su fara ƙarewa. Alamar ita ce bakin ya fara yin fari-fari yana ƙara a kan takarda. Copic ana ƙara masa tawada daga 'yar kwalba mai mililita 12, don haka ki tanadi ta waɗannan biyun tun watan Nuwamba, kuma ki riƙa ajiye alƙaluman a kwance don bakin biyu su sami rabonsu.

Da rana ake wannan aiki, kusa da ƙofa. A ƙarƙashin fitila mai caji B97 da B99 kamar abu ɗaya suke, sai gari ya waye ki ga inda kika tsallake. Idan kuma kin miƙa katin, ki gaya wa mai shi kada ta jingina shi a taga. Rinin nan ba ya jure rana, kafin Ista daren zai koma asuba.